Ranar da Suka Ɗauko Radka

Tun a filin jirgin Bari na Italiya tsoro ya kama Ottavia, kuma har suka sauka Sofiya, babban birnin Bulgeriya, bai sake ta ba. Mijinta Saverio ya zaci tsoron jirgi ne, ya dinga miƙo mata taralli, ɗan busasshen biskit ɗin da uwarsa ta cusa musu a jaka.

"Ci mana, Otta. In ma faɗuwa za mu yi, ai gara mu faɗi da ƙoshi."

"Don Allah rufe mana baki, Save."

Duk wanda ya san bakin tekun Molfetta ya san Saverio Gadaleta, bakaniken da ke gyaran injin jiragen masunta, ƙaton mutum mai bakin da ba ya hutawa. Ita kuwa Ottavia malamar ƙananan yara ce, siririya, ba ta da hayaniya. Kuma ba jirgi take tsoro ba.

Sun haura shekara goma da aure. Ciki biyu ya zube mata, na biyun har ya fara motsi. Suka bi likitoci har suka gaji, daga baya suka shiga layin masu neman ɗan riƙo daga ƙasar waje. A nan aka tone su tas. Aka leƙa ɗakin kwanansu, aka tambayi Saverio yawan giyar da yake sha, aka tambayi Ottavia ko ta gama kukan waɗanda ta rasa. Ta ce ta gama.

Da zafin bana aka kira su Bulgeriya su ga yarinyar da aka zaɓa musu. Radka sunanta, shekararta huɗu da rabi, baƙa ce, gashinta baƙi wuluk, idanunta manya. Sun yi kwanaki suna zuwa gidan da take. Ta yarda Saverio ya ɗora ta a wuya ya zagaya lambu da ita, amma Ottavia ko yatsanta ba ta bari ta riƙe ba. Ottavia da ke juya aji guda da ido kawai, ta zo ta kasa da yarinya ɗaya.

Yanzu kotu ta yanke hukunci. Radka ta zama 'yarsu, har an rubuta mata sunan gidansu. Abin da ya rage su ɗauko ta, a yi mata fasfo, su koma gida, inda dangin Saverio suka riga suka yi wa ɗaki fenti. Amma tun ranar da aka bugo musu waya Ottavia take jin kamar akwai wani a wani ofis da zai farga an yi kuskure, ya ce a dakata.

Miglena ce ta tarbe su, matar da ƙungiyar da ta nema musu ɗan riƙo ta haɗa su da ita. Lauya ce kuma tafinta, doguwa, taba ba ta barin bakinta, Italiyanci kuwa kamar a Roma aka yanke mata cibi.

"Sinyora Ottavia, wannan fuska kamar mai zuwa jana'iza? An gama komai. Hukuncin kotu yana jakata, ba mai ƙwace shi."

"Na sani," in ji Ottavia.

"Gaya mata dai," Saverio ya ce. "Ni tun jiya nake wa'azi, ban samu ko mabiyi ɗaya ba."

Washegari suka kama hanyar arewa. Miglena ta shiga gaba da 'yar jar motarta, don ta ce ba za ta iya doguwar tafiya babu taba ba, kuma ba za ta busa wa yarinya hayaƙi ba. Su kuma suka bi ta a motar haya, da sabuwar kujerar yara ɗaure a baya. Suka haye duwatsu, suka gangara fili. Kaka ta ƙare, sanyi ya fara cizo, gonaki duk an kwashe.

Rabin gidajen ƙauyen su Radka a kulle suke, matasa duk sun tafi neman aiki, ƙofofi sun sha takardun sanarwar mutuwa har wasu kan wasu. Baba Tsveta, wato kaka Tsveta da harshensu, tana tsaye a bakin ƙofarta, gajeriya mai faɗi, ta ɗaure kai da kallabi. Ita hukuma ta ba riƙon Radka tun da aka fito da ita daga gidan marayu tana shekara biyu, ba ta tafiya, ba ta magana. A hannun tsohuwar nan ta miƙe, a bakinta ta koyi magana. Tun farko an gaya mata riƙon na ɗan lokaci ne, kafin a samu masu ɗauka gaba ɗaya.

Ta cika tebur da banitsa, wata wainar fulawa mai zafi, cuku na tsiyaya daga ciki, ta zuba wa Saverio giyarsu mai ƙarfi da suke kira rakiya a ƙaramin kofi, ya ce shi ke tuƙi, ta ture masa kofin duk da haka. Sannan ta juyo kan Ottavia ta fara lissafi, Miglena na fassarawa.

"Ta ce ba ta cin bawon tumatir. Ta ce tana tsoron kare, amma ba ta barin kyanwa ta huta. Ta ce in za ta yi barci sai ta yi ta jijjiga kanta, kada ki hana ta. Ta ce..." Miglena ta saurara, ta ɗaga hannu. "Sauran duk irin wannan ne. Za ki gane da kanki."

Ottavia ta so ta ce a'a, a faɗa mata duka, amma kunya ta hana ta. Radka na maƙale a bayan zanen tsohuwar, tana leƙo su da ido ɗaya.

Da lokacin tafiya ya yi, Miglena ta fita shan taba. Baba Tsveta ta ɗauko wata shuɗiyar rigar sanyi da ta saƙa da hannunta, ta durƙusa da ƙyar, ta sa wa yarinyar, ta ɓalla maɓallan har wuya. Ta riƙe fuskarta da hannu biyu ta yi mata magana ƙasa-ƙasa, ta daɗe tana yi. Ottavia na tsaye a kansu, ko kalma ɗaya ba ta kama ba.

Radka ba ta yi kuka ba. Saverio ya ɗauke ta ya sa a kujera, ya ɗaure mata bel, ta zauna ƙiƙam tana kallon gaba. Tsohuwar ta watsa kofin ruwa a gaban motar don hanya ta yi sauƙi, ta juya ta shige gida ba ta waiwayo ba.

"Kin gani?" Saverio ya ce yana kallon madubi. "Jaruma ce. Irin gidanmu."

Ottavia na zaune a baya kusa da yarinyar. Ta san yara. Da kuka ta yi, da ta fi samun kwanciyar hankali.

Suna fara hawan duwatsu hazo ya sauko. Da farko kamar hayaƙi tsakanin itatuwa, can sai ya rufe komai, ba a ganin sai jajayen fitilun motar Miglena, su ɓace a kwana, su sake bayyana. Hanyar ta yi ta murɗawa. Saverio ya daina magana, ya kama sitiyari da hannu biyu. Ottavia ta ga leɓen yarinyar sun yi fari, tana haɗiyar yawu. Kafin ta buɗe leda, Radka ta kwararo amai, ya wanke mata gaban riga, ya gangara har cikin kujera.

"Save, tsaya! Ta yi amai."

"A ina zan tsaya? Rami ne a dama, ba kya gani?"

Ya danna hon, ya yi ta kunna fitila yana kashewa. Jajayen fitilun suka sha kwana, ba su ƙara ganinsu ba. Ottavia ta ciro waya, babu sabis ko ɗigo. Yarinyar ta sake yunƙurowa.

Can gaba kaɗan hanya ta buɗe. Wani fili ne da manyan motoci suka faka, da gidan abinci na katako, ga mata sun jera kwalaben kindirmo da zuma a kan tebura suna sayarwa. Saverio ya shiga ya tsaya.

"Je ki wanke ta, ni zan goge kujerar. Miglena za ta ga ba ma bayanta, ta juyo."

Ottavia ta ɗauki yarinyar, karo na farko ke nan da ta taɓa ɗaukarta. Ba ta da nauyi, jikinta a sandare kamar itace. Banɗakin yana bayan gidan abincin, ƙarami, da famfo mai ruwan ƙanƙara. Ta tsayar da ita, ta durƙusa, ta wanke mata baki. Ta ciro sabuwar riga mai taushi da ta sayo a Bari, ta nuna mata, ta yi murmushi, ta kai hannu kan maɓallin farko.

Ihun da Radka ta ƙwalla, Ottavia ba ta taɓa jin irinsa daga bakin yaro ba. Ta ce, "A'a, a'a, 'yata, wankewa kawai zan yi," ta ƙara kai hannu. Yarinyar ta kafa mata haƙori a tsintsiyar hannu iya ƙarfinta, ta zille ta ƙarƙashin hammatarta, ta fice da gudu.

Ottavia ta bi ta. Abin da ya fara zuwa mata titi ne, da manyan motocin da ke ɓullowa daga hazo. Amma ba titi Radka ta nufa ba. Wurin masu kindirmo ta dosa, ta faɗa jikin wata mai kallabi irin na Baba Tsveta, ta ƙanƙame ƙafarta tana ihu, tana zuba magana.

Matar ta sunkuya ta tambaye ta wani abu. Radka ta amsa tana nuna Ottavia. Fuskar matar ta canza. Ta ɗauki yarinyar ta mai da ita bayanta, ta kira 'yan uwanta.

Ottavia ta yi watanni tana koyon Bulgeriyanci a waya: ruwa, abinci, barci, kada ki ji tsoro. Duk suka gudu daga kanta. Ta dafa ƙirjinta ta ce, "Mama. Mama."

Matar ta juya ta tambayi yarinyar. Ihun da Radka ta amsa da shi ba ya buƙatar tafinta.

Nan da nan aka kewaye su. Direbobi suka fito daga gidan abinci, wasu da cokali a hannu. Ottavia ta ga kanta da idonsu: baƙuwa fara mai tsadadden kwat, hannunta na jini, motar haya, da yarinya baƙa wadda ba ta kama da ita ko a farce, tana kiran wata Baba. Wani ya ɗaga waya yana ɗaukarsu. Saverio ya ratso yana magana da ƙarfi, yana haɗa Italiyanci da ɗan Turancin da ya tsinta a bakin teku.

"'Yarmu ce! Kotu! Alƙali! Takardu suna wurin lauya, tana gaba, jar mota!"

Ba wanda ya gane, ƙarar muryar kawai suka ji. Wani direba mai gemu ya zagaya ya zare mukullin motarsu ya sa a aljihu. Saverio ya gani. Taku biyu ya yi ya cafki wuyan rigar mutumin, sauran suka matso.

"Save!" Ottavia ta rataye a hannunsa. "Don girman Allah sake shi. In ka daki mutum a nan shi ke nan, sun karɓe ta. Sake shi, na ce!"

Ya sake shi. Ya ɗaga hannuwansa sama.

Mai gidan abincin ya riga ya kira 'yan sanda da wayar shagonsa. Suka jira a tsaye cikin sanyi, a tsakiyar da'ira. Duk motar da ta ɓullo daga hazo sai Ottavia ta duba ko ja ce. An zaunar da Radka a kan akwati, an lulluɓe ta da mayafi, mata na shafa kanta suna harararsu. Sau ɗaya Ottavia ta ɗan matsa kusa, wata tsohuwa ta tofar da yawu a gabanta.

'Yan sanda biyu suka zo. Suka karɓi fasfo ɗinsu, suka juya shi, suka nuna yarinyar suna neman nata. Babu. Saverio ya buɗe hotunan zuwansu na farko a waya, ga shi nan da Radka a wuyansa, tana dariya. Babban ɗan sandan, mai furfurar gashin baki, ya daɗe yana kallo, ya dubi yarinyar, ya dubi hannun Ottavia. Sannan ya sa fasfo ɗin a aljihunsa.

Aka sa Radka a motar 'yan sanda tare da mai kindirmon. Ƙaramin ɗan sandan ya karɓo mukulli ya shiga tasu motar, ya nuna wa Saverio ya bi. Baya suka juya, suka gangara ta inda suka hawo, kowace kwana na ƙara nisanta su da Miglena. Ottavia ta kafa ido a gilashin bayan motar da ke gabansu, inda take hango ɗan baƙin kai. In hazo ya haɗiye motar sai numfashinta ya tsaya, sai ta sake ganinta sannan ta saki. Ta yi ta kiran Uwa Maryama a zuci, ta rasa ma abin da za ta roƙa.

Ofishin yana wani ƙaramin gari a gindin dutsen. Aka nuna musu benci a baranda, aka shige da yarinyar wani ɗaki aka rufe ƙofa. Sabis ya dawo. Saverio ya kira Miglena, ba ta shiga. Ya sake kira, ya sake. Ya kira ofishin ƙungiyar a Italiya, wata na'ura ta ce a kira ranar Litinin.

Wani ya kawo wa Ottavia auduga da magani, ya ajiye a gefenta ya wuce. Ta zauna tana kallon sawun haƙoran, ƙanana, a jere. Ta tuna duk tambayoyin da aka yi musu shekara da shekaru. Yanzu za a rubuta cewa ranar farko yarinya ta gudu daga hannunta, mijinta ya shaƙe mutum, an kai su wurin 'yan sanda. Ga hoton da aka ɗauka. Wa ya san inda ya kai yanzu?

Amma akwai abin da ya fi wannan ci mata rai.

"Save."

"Na'am."

"In fa gaskiyarsu ce?"

"Gaskiyar wa?"

"Mutanen nan. Mun shiga gidan tsohuwa, mun ci abincinta, mun ɗauke mata yarinya. Yarinyar ba ta ce tana son mu ba. Ba wanda ya tambaye ta."

"Kotu ce ta..."

"Na san kotu. Ita ta san kotu? Ka ji ihun da ta yi? Ni fa take gudu."

Saverio ya matso kusa da ita. Ya jawo hannunta ya ɗora audugar a kan cizon, ya danne da babban yatsansa. Daga cikin ɗakin ba a jin komai.

Sun daɗe a haka kafin ƙofar ta buɗe, mai furfurar ya yafuto su. Radka na zaune a wata babbar kujera, ƙafafunta na lilo, an ba ta biskit ba ta ci ba. A kan tebur akwai waya an buɗe muryarta. Yarinyar ce ta faɗi sunan ƙauyensu, suka nemi shugaban ƙauyen, shi kuma ya taka har gidan tsohuwar da wayarsa.

Ottavia ta gane muryar Baba Tsveta nan take. Kalma ɗaya tsohuwar nan za ta faɗa. Ta ce a dawo mata da ita, ta ce ba ta yarda da su ba, ta ce tun farko hankalinta bai kwanta ba. Kuma wa zai ga laifinta?

Ɗan sandan ya yi tambaya, ya karanta sunayensu daga fasfo yana gurɓata su. Tsohuwar ta amsa. Ya saurara, ya fara girgiza kai, dama da hagu, a hankali. Ottavia ta dafa bango. Muryar tsohuwar ta ƙara tashi, ta zama faɗa sosai, har sai da ya ɗan ture wayar gaba. Yana ta girgiza kai.

Can muryar ta sauka. Ta kira, "Radka. Rade." Yarinyar ta zamo daga kujera ta manna fuskarta da tebur kusa da wayar. Tsohuwar ta yi mata magana a hankali, irin wadda ta yi mata da safe. Sai a lokacin Radka ta fashe da kuka, kukan yara na gaske mai majina da shessheƙa.

Ana cikin haka aka banko ƙofa. Miglena ce, gashinta a jiƙe, jakar takardu a ƙirji. Ta haye dutsen har ta gangara kafin ta farga ba sa bayanta, ta juyo tana leƙa kowane rami, sai a wurin masu kindirmo aka ba ta labari. Ta zube hukuncin kotu da sabuwar takardar haihuwa a gaban ɗan sandan, ta buɗe masa wuta da harshensu.

Ottavia ta kama hannunta. "Ya ƙi. Na ga yana girgiza kai. Me ta ce masa?"

Miglena ta tsaya, ta dube ta. "Sinyora, sau nawa zan gaya miki? A nan in mutum ya yi haka, e yake nufi. Ya yarda tun kafin in shigo. Zagi yake sha. Ta ce masa uwar yarinya ce ya ajiye a benci kamar ɓarauniya."

Saverio ya zauna daɓas a kujerar da yarinyar ta tashi, ya rufe fuska da hannu.

Miglena ta yi magana da tsohuwar, ta saurara, ta dafe goshi. "Rigar ce. Ta ce mata kada ta cire ta, kada ta bari kowa ya cire mata, sai ta isa sabon gida. Sanyin hanya take ji mata. Ta ce ki yafe mata, ba ta yi tunani ba." Muryar tsohuwar ta ci gaba, Miglena ta dubi Ottavia. "Tana son magana da ke."

Ottavia ta matsa kusa da wayar. "Ina ji, Baba."

Wannan karon Miglena ba ta rage komai ba.

"Ta ce yarinyar za ta ƙi ki. Za ta cije ki, ta ɓuya a ƙarƙashin gado, ta ƙi abincinki. Ta ce ita ma haka ta yi mata, damina guda tana shan cizo. Ta ce kina jin ta? Kada ki tsorata ki dawo da ita. Ta ce ita ta tsufa, ƙafafunta sun mutu, an riga an gaya mata wannan ce ta ƙarshe. In kin dawo da ita ba gidanta za a kawo ta ba, gidan marayun da aka ɗauko ta za a mai da ita." Miglena ta dube ta. "Ta ce ki rantse."

"Na rantse," in ji Ottavia. Ta sake faɗa.

Ɗan sandan ya mayar musu da fasfo da hannu biyu. Mai kindirmon tana baranda tana jira, da aka yi mata bayani ta kama baki, ta fara kuka, ta rasa inda za ta sa kanta. Saverio ya ce wa Miglena, "Gaya mata in wani ya ɗauki 'yata yana gudu da ita, irinta nake so ya gamu da ita. Amma mai gemun nan kada ya kuskura ya zo Molfetta."

Radka ba ta ba Ottavia hannu ba. Gefen wandon Saverio ta kama har mota. Ottavia ta jiƙa tsumma ta goge rigar a jikinta, a hankali, tana nuna mata kowane lokaci cewa ba maɓalli za ta taɓa ba. Yarinyar ta tsaya tana bin hannun da ido. Warin bai fita ba, haka suka haye dutsen da shi, tagogi a rufe saboda sanyi, wannan karon Miglena na bayansu, ba ta kunna taba ba har Sofiya.

Kwanakin jiran fasfo ba su yi daɗi ba. Radka ta ɓuya a ƙarƙashin gadon masauki kamar yadda aka faɗa. Ta ƙi taliyar da Ottavia ta dafa, ta ci burodi da cuku a hannun Saverio. In sun fita titi Ottavia ba ta iya haɗa ido da kowa, ko mota ta yi jiniya sai gabanta ya faɗi. Ta sa Miglena ta yi mata kwafin kowace takarda, tana yawo da su a cikin riga har zuwa shagon burodi.

Ranar tafiya Miglena ta raka su har inda ake tsai da masu rakiya, ta sumbace su, ta ce, "Daga nan ku kaɗai ne. Ku miƙa takardu, kada ku yi surutu. Da kai nake, Sinyor Saverio."

Jami'ar da ke duba fasfo matashiya ce, ba fara'a. Ta karanta hukuncin kotu shafi-shafi. Ta dubi Ottavia, ta dubi Saverio, ta miƙe ta leƙo ta saman gilashi ta dubi yarinyar. Sannan ta yi mata tambaya da harshensu, tana nuna Ottavia da biro.

Ga layi a bayansu, ga 'yan sanda biyu tsaye a gefe. Ottavia ta dunƙule hannu a aljihu don kada ta kai shi kan yarinyar.

Radka ta ɗaga kai ta dubi Ottavia, ta daɗe. Sai ta juya ga jami'ar ta fara bayani. Ba gajere ba ne. Ta yi ta zuba, da hannu da komai, ta nuna Saverio, ta nuna Ottavia, ta kumbura kumatu, ta ƙara da wani abu. Jami'ar ta ciji leɓe, ta kasa, ta tuntsire da dariya har ta juya ta gaya wa ta kusa da ita. Ta buga hatimi, ta turo musu takardun.

"Me ta ce?" Saverio ya tambaya da ɗan Turancinsa. Jami'ar ta riga ta yafuto na baya.

Har yau ba su san abin da ta faɗa ba. Bayan shekara biyu, da bakin Radka ya cika da Italiyancin Molfetta har ta fi ubanta surutu, Ottavia ta tambaye ta. Ta ɗaga kafaɗa ta ce ta manta.

A cikin jirgi ta zauna tsakaninsu. Da injin ya ɗauki ƙara, jirgin ya fara gudu, ta zaro ido, ta damƙi abin da ya fi kusa da ita, hannun rigar Ottavia. Ottavia ba ta motsa ba, ba ta ko dube ta ba, don kada ta farga ta saki.

"Otta," Saverio ya raɗa mata ta saman kan yarinyar. "Mama ta ce mutum ashirin ne ke jiranmu a Bari. Da balan-balan. Kawu Corrado ya zo da ƙaho."

"Muna sauka ka kira su," in ji Ottavia, ba ta ɗaga murya ba. "Mama kaɗai za ta tsaya. Sauran duk su koma gida, za mu neme su."

"Za su yi fushi fa."

"Su yi."